Geron Inna da 'Yan Ɗorawa

Shekaranjiya da hantsi suka iso. Ina baranda ina shanya na ji 'yar hayaniyar nan tasu, tun kafin in gan su. Na ƙirga bakwai na haƙura, don ba sa zama wuri ɗaya balle a ƙirga su. Bana sun yi latti ƙwarai, har na fara cewa ko gine-ginen da suka cinye filayen bayan unguwar Waziriyya sun kore su ke nan. Da na ga rawayarsu jere a kan igiyar shanya, sai na ajiye kwando na zauna, na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

'Yan ɗorawa muke ce wa tsuntsayen nan a gidanmu, saboda launin mazansu. Matan launin ƙasa ne da su, ba ka lura da su sai sun motsa. 'Yata Safiya ta taɓa nemo mini sunansu na littafi a waya, na manta shi kafin shayina ya huce. Ba sa shekara tare da mu. Sai zafin Jidda ya karye, gumin nan mai manne wa mutum riga a baya ya yi sauƙi, sannan su shigo gari suna bin gidajen da aka ajiye musu tsaba. Idan aka yi ruwa, ciyawa ta yi 'ya'ya a kwaruruwan bayan gari, ko sallama ba sa yi. Sai dai ka wayi gari ka tarar da tire cike ba mai ci. In abincin daji ya ƙare su dawo, ba kunya ba tsoron Allah, kamar jiya suka tafi.

Jiya Safiya ta zo mini da wata doguwar kwalbar roba mai ramuka da 'yan sanduna, wai ita ake rataya wa tsuntsaye yanzu, irinta ce a lambun gidan da mijinta yake tuƙi a unguwar Abhur. Abin da ta fi yabawa shi ne ko ƙwaya ɗaya ba ta zuba ƙasa.

"Ummi, halas, ya isa haka, ki jefar da tsohon tiren nan," in ji ta, tsintsiya a hannu. "Kullum baranda cike da dusa, wallahi na gaji da share miki."

Na ce ta zauna tukuna, akwai abin da ban taɓa gaya mata ba game da wannan zubewar.

Shekara kusan talatin ke nan, a shekarar da na tare a gidan babanta. Mu uku ne a gidan: ni, da shi, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Gidan ƙasa ne mai ɗaki biyu, da matakala zuwa saman rufi inda ake shanya da shan iska. Ni haihuwar Jidda ce, shi ma haka. Abin da na sani game da hatsi shi ne a buhu yake zuwa. Inna kuwa a wani ƙauye na ƙasar Haɗeja aka haife ta, tana 'yar shekara tara ta taso da mahaifinta a ƙafa za su aikin hajji. Shekaru suka yi a hanya. Duk inda damina ta riske su sai su tsaya su yi noma, su girbe, su ɗebi iri su ƙara gaba. Mahaifin bai ga Ka'aba ba, a ƙasar Sudan aka binne shi, ana saura kaɗan su ga teku. Abin da ya bar mata shi ne 'yar jakar fata da irin geron gidansu a ciki.

Wannan geron Inna ta riƙe shekara fiye da hamsin. Duk sanyi, da zarar an yi ruwan farko, sai ta shuka shi a tsofaffin bokitan fenti a saman rufi. Ba ta shuka kafin ruwa, ta ce ƙasar Jidda gishiri gare ta, sai ruwan sama ya wanke ta. In ya nuna ta dama kunu sau ɗaya kowa ya kurɓa, saura ta adana iri. Na sha jin labarin a bakin maƙwabta, amma ban taɓa ganin geron da idona ba, domin sanyin da ya wuce kafin aurena ko yayyafi ba a yi ba, ba ta shuka ba. Irin ya kwana biyu ke nan a ajiye, kuma ta sha faɗi cewa idan bana ma ta wuce, ba ta da tabbacin zai tsira.

Tiren tsuntsaye ma saboda mahaifin nata ne. Sadaka ce take yi masa, tsaba da ruwa kowace safiya, tun daga ranar da 'yan ɗorawa suka iso har ranar da suka tafi. Baban Safiya a tashar jiragen ruwa yake aikin sito a lokacin. Abin da ya zube daga buhuna aka share, gero da dawa da alkama a cakuɗe da ƙura, shi yake ɗebo mata a gwangwanayen madara, ta jera su a ƙarƙashin matakala.

Shekarar nan zafi ya ƙi tafiya. Watan da ya kamata a fara neman mayafi da asuba, mu muna kwance a siminti muna juyi. Bango in ka dafa shi da la'asar sai ka janye hannu. Famfo ya ƙafe, in ka murɗa sai ya yi tari ya yi shiru. Sai motar ruwa, wadda muke kira wayit, ita ma sai ta ga dama take shigowa lungunmu. Da an ji ƙararta kowa ya fito da jarka da bokiti, a yi layi cikin rana ana cacar baki da Hausa da Larabci. Ruwa ɗaya sau uku muke moransa: a wanke shinkafa, a wanke kwanuka da shi, sannan a yayyafa a tsakar gida ko a sami sanyi-sanyi.

Ana cikin haka buhu ya zame wa Baban Safiya a wurin aiki, kafaɗarsa ta goce. Kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce ya zauna gida har ya warke. Ya zauna, tukunya ma ta so ta zauna. Abin da ya riƙe mu shi ne dakan yaji. Inna da matan lungu suna yi wa masu tsire yaji, ni ma na shiga. Da hantsi a soya gyaɗa, a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli, sannan a hau daka da barkono da citta har azahar, kowa ta ɗaure hanci da gefen mayafi tana atishawa. Hannuna da bai san taɓarya ba ya yi kanta, matan suna yi mini dariya wai amaryar Jidda ta gamu da turmi. Da rana shinkafa da mai da yaji, da dare abin da ya saura. Ranar da aka sami kan kifi a miya sai ka ji gidan ya yi magana.

'Yan ɗorawa kuwa a wannan shekarar da wuri suka zo, kuma da yawa, don daji ya ƙone ba abin ci. Suna sauka a bakin kwanon ruwa baki buɗe. Tire ba ya kai azahar. Gwangwanayen ƙarƙashin matakala suna ta raguwa, mai cika su kuma yana kwance.

A tsakiyar Sha'aban Inna ta ce za ta kai ɗanta Makka wurin wani mai ɗori ɗan ƙasarmu, su kwana huɗu a gidan wata ƙawarta. Tana ɗaura mayafi a bakin ƙofa ta juyo.

"Mairo, ko me za ki manta, kada tiren nan ya wuni ba tsaba."

Na ce to. Kashegari gwangwani na ƙarshe ya ƙare. Na hau rufi na ga tsuntsaye jere a katanga suna kallona, na sauko na shiga bincike. Ina son Inna ta dawo ta ga sabuwar surukarta mai riƙe amana ce, wannan shi ne gaskiyar abin da ke raina. A ƙarƙashin gadonta, bayan akwati, na ci karo da gwangwanin madara irin waɗancan sak, an ɗaure murfinsa da tsumma. Na buɗe na ga hatsi ya yi furu-furu da toka. Har tsaki na yi, na ce sharar wannan karon ta fi kowacce datti, ko tsuntsu ai ba a ba shi haka. Na ɗauko faifai na sheƙe shi tas, toka na shiga mini ido, ina jin kaina wata gwanar aiki. Na ma lura ƙwayarsa ta fi ta kullum cika da kyau, amma ban tsaya na yi tunani ba.

Kwana uku ina zuba musu. Ban taɓa ganin sun yi rububi irin na lokacin ba. Su kuma ɗabi'arsu ce ba sa cin abinci cikin natsuwa, baki ɗaya a ci, biyu a watsar. Da yamma rufi ya cika da dusa da ƙwayoyin da suka zube. Ni kuma ga gajiyar daka, ga zafi, ba na iya neman abin kwashe shara. Sai in tura ta da tsintsiya zuwa bakin indararo, in danna ta a kusurwa inda ido ba ya kaiwa, in ce gobe na kwashe. Goben ba ta zo ba.

Suka dawo, kafaɗa ta koma wurinta, aka ga wata muka ɗauki azumi. Ranar huɗu ga wata da la'asar iska ta juya, wani baƙin hadari ya taso ta wajen teku. Inna ta fito tsakar gida ta ɗaga kai tana shaƙar iska, fuskarta ta saki irin yadda ban taɓa gani ba. Ta shiga ɗaki da sauri kamar yarinya. Ina kicin na ji ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa. Na same ta zaune a bakin gado da gwangwanin a cinya.

"Mairo, wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce, Inna. Tsabar tsuntsaye ce ta ƙare, sai na ga wannan sharar a nan."

"Ba shara ba ce, 'yar nan. Iri ne. Toka ake zuba masa don kada ƙwari su ci."

Na durƙusa a gabanta. Ta sa yatsa ta zagaye cikin gwangwanin, ta fito da shi, toka kawai. Ta daɗe tana kallon yatsan. Sannan ta ce Allah ya sa sun ƙoshi, ta kwanta ta juya fuska bango. Hadarin ma ranar bai zubar ba, iska ta watsa shi.

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata wurin ɗanta ba, ni na gaya masa da bakina ina kuka. Tana amsa gaisuwata, tana cin abin da na dafa, amma ta daina hawa rufi, ta daina 'yan waƙe-waƙen da take yi a bakin turmi. Baban Safiya ya nemo geron kudancin ƙasar nan a kasuwa ya kawo mata, ta murza shi a tafin hannu ta ce a dama kunun buɗa-baki da shi. Ya ce idan alhazai sun zo zai sa a kawo mata daga gida. Ta ce daga wane gidan, ita da ba ta san ko akwai sauran mai tuna sunan babanta a can ba. Ni kuwa na tsani tsuntsayen nan, in na gan su sai in ji kamar in jefe su da takalmi. Duk da haka kullum da safe ina hawa da tsakin shinkafa da ɓarɓashin burodi, don ban ga fuskar da zan ƙara da barin tire ba komai ba.

Ruwan sai ranar sha uku ga azumi ya zo, bayan la'asar. Da farko manyan ɗigo ne jefi-jefi, ƙasa ta tashi da ƙamshin da ya sa yawun mai azumi tsinkewa. Kafin ka ce me, sama ta buɗe. Lungu ya kaure da ƙarar bokitai da robobi da tukwane, duk abin da ke da ciki an fito da shi. Mata suna dariya jiƙe sharkaf, wanda ya yi wata ba ya ga maciji da maƙwabcinsa a layin wayit yau yana miƙa masa baho. Sai ga ruwa yana ɗiga daga silin ɗakinmu. Na tuna sharar da na danne a bakin indararo, na hau da gudu na tarar rufi ya zama tafki har idon sawu. Na sa sandar tsintsiya na zungure, toshiyar ta fita gaba ɗaya, na ji ta faɗa tim a bayan gida. Ranar nan da ruwan sama muka dafa shayin buɗa-baki. Inna ta miƙa hannu ta taga ruwa ya taɓa tafinta, ta ce ga ruwa ba iri, ta janye hannun.

Bayan gidanmu akwai wani ɗan tsukin fili tsakanin katangarmu da ta maƙwabta, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, yashi ne da fasassun bulo. Kwana biyar bayan ruwa iska ta jefa ɗankwalina can, na zagaya ɗaukowa. A daidai ƙarƙashin indararo na ga kore, tsiro cunkus kamar an shimfiɗa. Na tuna toshiyar da na ji ta faɗa a nan. Na kira Baban Safiya a ɓoye, muka tsuguna mu biyu, 'yan Jidda da ba su taɓa riƙe fartanya ba, bakinmu bushe da azumi, muna gardama ko gero ne ko ciyawa. Da muka ga ba mu da ranar gamawa, ya je ya riƙo hannun Inna.

Ta tsuguna ta kai fuska kusa, don idonta ya fara rauni. Ta ce wannan dawa ce, wannan alkama, wannan ciyawar banza, tana cirewa tana jefarwa. Ta bar wasu ta ce waɗannan gero ne. Na buɗe baki zan yi murna ta ɗaga mini hannu. Ta tuna mini sharar sito ma akwai gero a cikinta, kuma wata da watanni yana zuba a rufin nan. Nata ba a gane shi a ganye, sai ya fitar da kai. Geron gidansu gashi gare shi, dogaye masu tsini, don su tsone idon tsuntsu. Na kasuwa kansa ƙwal yake. Sai nan da wata biyu za a sani.

Ban taɓa ganin wata biyu masu tsawon waɗannan ba. Ta rage tsiron ya koma goma sha huɗu. Baban Safiya ya kewaye wurin da katakon da aka yar da kwalaye saboda awakin lungu. Ruwa bai ƙara zuwa ba, muka koma jiran wayit. Sai muka ajiye baho ɗaya, mu ukun a kansa muke alwala, ni kuma in kai wa gero da asuba da kuma bayan la'asar. Matan da muke daka tare suka fara da tsokana, wai amarya ta buɗe gona, a shirya buhuna. Ba a yi mako ba suka fara zuwa da ruwan alwalarsu a butoci da kwanoni, kowace ta juye ta leƙa ta tambayi ko ya yi kai. 'Yan ɗorawa kuwa tun kafin Sallah suka ɓace, ciyawar daji ta kira su. Ban yi kewarsu ba ko kaɗan.

Aka yi Sallah, gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya wuce kaina. Na farko ya fitar da kai, ƙwal. Na biyu ma haka. Kullum da safe sai in zagaya in dawo, Inna ta dube ni, in girgiza kai, ta ci gaba da jan carbinta. Goma sha biyu suka fito, ba mai gashi ko ɗaya. Biyu da suka rage a kusurwar katanga sai tsawo suke yi ba kai, har na fitar da rai da su. Na fara rama, matan lungu suna cewa ciki ne. Cikin ma akwai shi, na Safiya, amma ba shi ne ya hana ni barci ba.

Alhazai sun fara sauka a gari lokacin da 'yan ɗorawa suka dawo. Daji ya sake bushewa, ga kawunan gero goma sha biyu sun fara ƙwaya a bayan gida, ai ko kallon tire ba su yi ba. Wata safiya na zagaya da baho na tarar sun baibaye su, na ɗaga hannu zan kore su ke nan na ga wani namiji ya tashi ya nufi kusurwa. Ya sauka a saman ɗaya daga cikin dogayen nan biyu, ya yi tsalle ya bar wurin kamar ya taka garwashi. Ya sake gwadawa, ya sake tashi. Na ajiye bahon. Na kama karan na tanƙwaro shi a hankali, ashe kai ya fara leƙowa daga cikin ganye can sama inda idona ba ya kaiwa. Na shafa shi, ya soke ni a tafin hannu.

Ban san yadda na isa ɗakin Inna ba. Hannunta kawai na kama. Ta biyo ni ba takalmi. Na tanƙwaro mata karan, ta rufe tafinta a kan kan geron, ta ja sama a hankali, ta sake ja. Ta lalubi na biyun, shi ma haka. Hawaye na bin kumatunta, bakinta yana motsi da sunan babanta.

"Shi ne," in ji ta.

Ta daɗe riƙe da shi. Sannan ta tambaye ni yadda aka yi ya zo nan, na gaya mata komai, har sharar da nake dannewa a bakin indararo. Ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share ido da gefen zane.

"Ashe da ke mai tsabta ce, Mairo, da mun rasa shi."

Daga kawuna biyun nan aka cika rabin gwangwani. A wannan shekarar ba a dama kunu ba. Inna ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake tankaɗe toka, da yadda ake gauraya ta da iri, da irin ɗaurin da ake yi wa murfi. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kuma tun daga sanyin da ya biyo baya ni nake shuka tana zaune tana ba da umarni. Yau ruwa yana zuwa famfo, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, rufin da tsukin filin duk sun tafi, bene aka gina a wurin. Bokitai shida nake da su a baranda, gwangwanin kuma yana ƙarƙashin gadona.

Safiya ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne. Kwalbar robar mun rataye ta, ban hana ba, 'yan ɗorawa ma sun fara gwada ta. Tiren yana nan inda yake, dusa tana zuba son ranta. Da za ta tafi ta jingine tsintsiyar a bayan ƙofa, ta tsaya tana juya makullin mota a hannu, tana neman kalmomin da Hausa.

"Ummi, tokar nan, ta gawayin turare ma tana yi?"

Na ce tana yi, in an tankaɗe ta da kyau. Na ce ta zo ranar Juma'a da gwangwaninta.